Sarkin Kunne da Kujerar Tsakiya

Idan za a lissafa masu kunne a duniyar nan, to a fara da Sarkin Kunne, sannan a sha ruwa a huta kafin a ambaci wani. Sauran jama'a an ba su kunne ne don su ji kiran abinci da odar mota. Nasa kuwa takanas aka yi su domin kiɗan jaz. Babu wanda ya naɗa shi wannan sarauta, shi ya duba ya ga ta dace da shi, ya karɓa cikin tawali'u. A kamfanin inshorar da ya yi wa aiki har ya yi ritaya, ba a taɓa jin ya gane muryar mai neman diyya a waya ba. Amma ya sha rantsewa cewa yana jin daidai inda mai busa ƙaho ya tuna da mahaifiyarsa a tsakiyar busa.

Duk Asabar da la'asar masoya jaz sukan haɗu a falon wani likitan haƙori, a saman asibitinsa. A tuɓe takalma a baranda, a shigo, kowa ya faɗi abin da yake saurare a makon, sannan a ɗora faifai. Falon yana da lasifika biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, da wata kujerar fata a tsakiyarsu cif, inda sauti ke haɗuwa ya zubo wa mutum a ka. Tun ranar da aka kafa ƙungiyar Sarkin Kunne ya zauna a kanta, har fatar ta ɗauki siffarsa. Yakan lumshe ido, ya ɗaga yatsa ɗaya sama, kaiton wanda tari ya kama a lokacin.

Ran nan wata hedimasta mai ritaya, wadda kowa ke kira Malama, ta ce ita a makon nan wata mai kaɗa piyano take ji, tana guga tana rausayawa.

"Guga!" Sarki ya dafe ƙirji. "Malama, jaz da dutsen guga a hannu? Ai wannan cin amanar kunne ne. Ni sai na yi wanka nake saurare."

Wani tsohon direban jirgin ƙasa ya ce shi wani mai ganga ya samu, wanda ke tuna masa ƙarar dogo idan an saki birki a gangare. Sarki ya dube shi da tausayi.

"Direba, har yanzu da ƙafa kake ji. Kada ka damu, wata rana abin zai hauro sama."

Malama dai ta ladabtar da 'ya'yan mutane masu taurin kai fiye da wannan. Ta ajiye kofin shayinta ta ce kujerar nan ba gadon kowa ba ce. Asabar mai zuwa kowa ya zo da faifansa na farko a duniya, ya ba da labarinsa. Wanda nasa ya fi motsa ɗakin, kujera tasa ce har abada. Sarki ya yi murmushin wanda aka ce ya yi tsere da gurgu. Amma a hanyar gida abin ya dame shi, domin in aka raba shi da kujerar nan, bai san me zai ce wa madubi ba.

Abin da ya kwantar masa da hankali shi ne Dattijo. Duk ƙungiyar ta san Dattijo, ko da yake babu wanda ya taɓa jin sa. Wani ɗan ƙaramin faifai ne da Sarki ya gada tare da garmahon mahaifinsa, kyankyasai sun cinye takardar sunan, don haka shi ya raɗa wa mawaƙin suna. A faɗarsa, wani tsoho ne mai murya kamar daga ƙasan rijiya, yana jan kowace kalma yana nishi, duniya ta gama yi masa atishawar tsaki. Tun yana saurayi Sarki ke kuka da wannan murya. Daga gare ta ya koyi tafiya a hankali da magana a hankali, har da cin abinci. In aka sa Dattijo a gida, uwargidansa takan ajiye tsintsiya, a kashe fanka, a kori kyanwa.

Asabar ta zo, falo ya cika da dariya tun kafin a fara. Likita ya ce faifansa na farko ya saye shi ne don ya danne ihun masu cire haƙori, sai ga shi kiɗan ya kama shi, har ya taɓa barin wani bawan Allah da baki buɗe yana jiran a gama busa. Direba ya fito da nasa a lanƙwashe kamar malafa, wai a kan injin jirgi ya mance shi cikin rana. Aka sa, allura tana hawa tana sauka, shi kuma yana share ƙwalla yana cewa haka ya fi son sa. Malama ta ce yayanta ne ya ba ta nata ranar da ta ci jarrabawa, ta yi ta sa shi har maƙwabta suka haddace, suka aiko a roƙe ta ta juya ɗaya gefen. Aka tafa, aka ƙara shayi.

Sai Sarki ya miƙe a hankali. Uwargida na biye da shi, riƙe da faifan a kan matashi.

"Jama'a, mun ji wasan yara, mun gode. Yanzu za ku ji baƙin ciki tsantsarsa. Wannan tsoho ya binne mata, ya binne 'ya'ya, ni na ji hakan a numfashinsa. Mai raunin zuciya ya fita tun yanzu. Malama, ga hankici."

Ya koma kujera, ya lumshe ido, ya ɗaga yatsa.

To, na'urar faifai gudu biyu gare ta. Manyan faifai a hankali ake juya su, ƙanana kuwa da sauri. Garmahon gidan Sarki maɓallinsa ya maƙale a gudun manya tun mahaifinsa na da rai, sauran faifansa kuma duk manya ne, don haka bai taɓa ganin dalilin taɓa shi ba. Likita ya ga ƙaramin faifai, ya murɗa maɓalli zuwa sauri yadda kowa ke yi, ya saki allura.

Ganga ta ɓarke, ƙaho ya yi tsalle. Sai ga muryar wata budurwa, siririya, zaƙwai, tana waƙa tana dariya kamar an ce mata gobe hutu. Ƙafar Direba ta fara da kanta. Malama ta karkaɗa hankicin da aka ba ta don kuka.

"A tsaya!" Sarki ya daka tsawa. "An sauya min faifai! Wace mara kunya ce wannan?"

Ya yi wuf, saurin da ba a taɓa ganin ya yi ba, ya kai wa na'urar cafka yana lalube, hannunsa ya ture maɓallin. Nan take, a gaban kowa, budurwa ta fara tsufa. Muryar ta yi ƙasa, ta yi kauri, ta ja jiki, sai ga Dattijo yana nishi daga ƙasan rijiya. Likita ya mayar da maɓalli, budurwa ta dawo. Ya sake murɗawa, tsoho ya fito. Direba ya faɗi ƙasa don dariya, yana riƙe da ciki yana cewa a bari haka, zai mutu.

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Sarki ya gyara wuyan riga.

"Kamfanin ne ya yi kuskure. Sun ɗauki tsoho, suka gaggauta shi don kasuwa. Ni kaɗai na ji asalin abin. Wannan shi ake kira kunne."

Uwargida, wadda ba a taɓa jin muryarta a falon ba, ta ajiye matashi.

"Haba Maigida! Shekara da shekaru ina tafiya da sanɗa a gidana saboda makokin wannan tsoho. Ashe baiwar Allah ce ke ta roƙon mu tashi mu taka, kai kuma ka shaƙe mata wuya. Likita, don Allah sake ta."

Aka sake ta. Uwargida ta ɗaure gyale a ƙugu ta shiga fili, Malama ta bi ta, Likita yana kaɗa cokali a jikin kofi. Aka sa faifan, aka maimaita, aka kuma maimaitawa, har masu jiran ganin likita a ƙasa suka aiko tambayar ko lafiya.

Malama mace ce mai adalci. Tana haki ta ce sharaɗi sharaɗi ne, babu faifan da ya motsa ɗakin nan kamar na Sarki, saboda haka kujera tasa ce har abada. Sai dai kujerar ta tsaya a tsakiyar filin rawa, kuma Direba ya riga ya buge gwiwa da ita. Aka ce ranka ya daɗe ɗan ɗaga, aka cicciɓe ta da girmamawa, aka kai masa baranda kusa da takalma.

A nan yake zama yanzu duk Asabar, ido a lumshe, yatsa a sama, yana gaya wa mai hawa da mai sauka cewa manyan masana daga nesa suke saurare. Babu mai ja da shi, kuma ƙungiya ba ta mance da shi ba. Duk ranar da hadari ya haɗo, Likita yakan leƙo da sauri ya ce a taimaka a shigo da kujerar, don fatar ba ta son ruwa.