Tafintan Kaka da Ƙwai Dubu Tara

"A gyara tsayuwa, a ba da hanya. Ga uwar lambobi, wadda ta koya wa kwamfuta magana tun kwamfuta na rarrafe. Ga amaryata mai haƙori huɗu."

"Biyar ne. Ina wuni, mijin wahala. Me ka lalata?" in ji kakar tana shigowa.

Jikan ya yi wata dariya wadda ba ta wuce leɓe ba. Shi ke kula da injinan gidan ƙyanƙyasar kaji, kuma ƙwai dubu tara ne kwance a cikinsu, saura kwana uku su fashe. Injin yana ƙirga lokaci tun ranar da aka kafa shi, yau kuma lambar za ta cika ma'ajinta da ƙarfe huɗu daidai. Tana cika za ta juye baya, injin ya rikice, zafi ya ɗauke. Laifin na kompaila ne, manhajar da ke juya rubutun mutum zuwa yaren inji, don ba ta san lamba mai girma haka ba. Kakarsa ce ta rubuta ta shekara talatin da suka wuce, ta sa mata suna Tafinta. Agogon bango ya nuna biyu da rabi.

"Ban lalata komai ba, tsohuwa. Tafintanki ne ya tsufa kamar mai shi. Ƙidayarsa ta ƙare, yatsun hannu da na ƙafa duk ya gama."

"To sai aka yi yaya?"

"Na sauko da sabon kompaila fil daga intanet. Wannan ko yashin teku ka ba shi zai ƙirga ya nemi ƙari. Mu yi wa naki ritaya."

Manaja ya leƙo daga bakin ƙofa, gumi har wuya. "Ba za a kashe a kunna ba kawai?"

"Kashe," in ji kakar, ba ta ko waiwaya ba. "Injin ya manta kwanan kowane farantin ƙwai, ka dafa wasu, ka bar wasu da sanyi."

Manaja ya janye kansa.

Ta zauna, ta jingine sandarta. "Ka gwada sabon angon naka a akwatin gwaji?"

Jikan ya sosa ƙeya. "Na gwada."

"Uhm."

"Ya ɗan yi ƙiba. Abin da ya fitar bai shiga ma'ajin injin ba. Da na matse shi ya shiga, sai fanka ta ƙi juyawa."

"Wato ka sayo wa akuya sirdin raƙumi. Ba a fafe gora ranar tafiya, sarkin gaggawa."

"Naki goran ai tsagewa zai yi ƙarfe huɗu."

"Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Buɗe min Tafinta. Idona ba ya ganin allon nan, kai ne ido, ni ce kai, tunda naka fanko ne."

Ya buɗe. Ya leƙa rubutun da ke allon. "Rubutunki kamar kaza ta bi ta kan laka."

"Kazar ce ke ciyar da kai. Saurara. Lamba na zaune a ɗaki ɗaya, ɗakin ya cika. Za mu koya wa Tafinta haɗa ɗaki biyu. Na ƙasa ya cika, a ajiye sifili, a riƙe ɗaya a kai sama. Ko ranar da aka koyar da wannan ma ka gudu ƙwallo?"

"Ina gidanki, kin aike ni neman haƙoranki."

Tana faɗa yana bugawa. Tarawa, ɗebewa, sannan gwada wace lamba ta fi wata. Uku da minti ashirin suka sa gyaran a akwatin gwaji, suka tura agogonsa gaba ya haye huɗu. Fitilar zafi ta yi ƙyaf, ta mutu.

Kakar ta rufe ido, leɓenta na motsi. Jikan ya kalli agogon bango.

"Karanto min wurin gwadawar," ta ce.

Ya karanta, ya tsaya a tsakiya. "Kaka, ɗakin ƙasa muka fara dubawa. Ai na sama ne babba. In na sama sun bambanta, magana ta ƙare."

"A ina ka samo wannan?"

"A cikin sabon da kika zaga. Haka yake yi."

"Ɓarawo." Ta buɗe ido. "Sato mana layin nan kaɗai, ka bar masa ƙibarsa."

Uku da arba'in da biyar fitilar gwaji ta haye huɗu tana ci. Jikan ya ɗora gyaran a kan injin gaske ba tare da ya kashe shi ba, ya koma ya tsaya kusa da manaja, wanda ya dawo ya riƙe ƙofa kamar za ta gudu. Dogon hannun agogo ya hau sha biyu, ya wuce. Fitila na nan. Jikan ya ɗora tafinsa a jikin injin, ɗumin na nan yadda yake.

Sai a lokacin dariyar gaske ta zo masa, har ya durƙusa.

"Na sallama, amarya. Tafinta ya zauna, da tsohuwar zuma ake magani. Amma a rubuta a tarihi, a gaya wa 'yan tsakin nan in sun fito, ni ne na ceci rayuka dubu tara da layi ɗaya."

Kakar ta laluba sandarta, ta miƙe.

"Matsa gefe," ta ce. "Ka tare min iska."