Rasuwar Gwani, Zarton Lantarkin Malam Muntari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ya ƙi hucewa, Malam Muntari kafinta na rumfar kafintoci da ke bakin kasuwar Rano yana sanar da rasuwar zartonsa na lantarki, wanda aka fi sani da Gwani. Ya cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara bakwai yana hidima, tun shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano.

Marigayi mai ladabi ne. In an kunna shi sai ya ce "wiiii", ya shiga katako ya ce "zarrr", ya bi layin fensir ba gardama. Abin da yake roƙo kaɗan ne: a danne katako da kyau, a duba ko akwai ƙusa, a zare waya kafin a taɓa haƙoransa, a bari ya yi shiru kafin a ajiye shi. Mutum biyar ke aiki a rumfar nan, kowa na ɗaukarsa kamar na gado, amma Muntari kaɗai ke goge shi.

Ciwon ajali ya faro ne daga hannun Shitu, yayan Ramlatu matar Muntari, wanda shi ma a rumfar yake aiki. Shitu ya ce murfin da ke rufe haƙoran yana rage masa sauri, sai ya ɗaure shi baya da wayar ƙarfe. Sau uku Muntari yana ganin wayar nan, sau uku yana kwance ta a ɓoye, yana ƙunƙuni a ciki. Wa zai buɗi baki ya yi wa suruki faɗa a gaban mutane?

Ran Talatar, Shitu na gaggawar yanka allunan kamfen na 'yan takarar kansila daga tsohon katakon rufi, yana riƙe da katakon a kan gwiwa. Gwani ya ci karo da ƙusa, ya ce "ƙarrr-ƙat!", ya yi tsalle baya, ya faɗi ƙasa, hayaƙi ya tashi. Wannan ce maganarsa ta ƙarshe.

Ya bar guduma, da kurfi, da tsohon zarton hannu wanda yanzu aiki ya dawo kansa, da bencina goma sha biyu na Islamiyyar Durba da ba a gama ba.

Za a kai gawa Kano ranar Asabar, wurin masu sayen tsohon ƙarfe. Ana karɓar gaisuwa a rumfa bayan la'asar, kuma Muntari ya roƙi kada kowa ya ce masa "ƙarar kwana ce". Masu zuwa su fara biyawa ta gidan Shitu, yana can yana jinyar inda babban yatsansa na hagu yake a da. Muntari ya je dubiya sau biyu. Duk zuwan, Shitu sai ya ba shi haƙurin zarto, Muntari kuwa ya kasa ɗaga kai ya dubi hannun.