Rasuwar Jan Akwatin Ministan Fitilun Teku

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da ya rasa mai taya shi ɗauka, Mista Aldous Penhale, masinja a Whitehall, unguwar ofisoshin ministoci, yana sanar da rasuwar abokin aikinsa na shekara talatin da ɗaya, Jan Akwatin Ministan Fitilun Teku. Ya cika ranar Talata da hantsi a kan teburinsa, cikinsa babu ko takarda ɗaya.

Marigayin ya zo duniya tun Mista Penhale bai fara aske gemu ba. Katako ne aka lulluɓe da jar fata, aka buga masa sunan ofishinsa, mai kula da fitilun nuna wa jiragen ruwa hanya, da ruwan zinariya. Sau huɗu gwamnati tana canza wa ofishin suna. An haɗa shi da Kamun Kifi, an raba su, an cusa shi cikin Sufuri, an kuma zaro shi. Duk lokacin sai a kankare rubutun goshin akwatin a buga sabo, bai taɓa cewa uffan ba. Ministoci goma sha ɗaya ya yi wa hidima, masu karanta abin da ke cikinsa da masu miƙe ƙafa a kansa.

An shaide shi da riƙon amana. Kubarsa a gindi take, mariƙinsa a sama, don haka duk wanda ya ɗaga shi bai kulle ba, sai ya amayar masa da takardun gwamnati a kan takalmi. Ya yi wa ministoci uku haka a makonsu na farko, kuma duka ukun sun shiryu. Maganarsa biyu ce tak: ƙiii da safe in an buɗe, ƙaras da yamma in an kulle. Tun da matar Mista Penhale ta rasu, akwai ranakun da wannan ƙaras ɗin ce kaɗai "sai da safe" da yake samu.

Ciwon ajalin ya soma ne da aka koma aika wa ministoci takardu ta waya. Akwatin da ke rinjayar kafaɗa ya dinga ramewa, har Mista Penhale yakan cusa masa tsofaffin jaridu don kada a ji shi fayau a hanya, a raina shi. Sai garambawul ɗin makon jiya ya soke ofishin ɗungurungum, aka yayyaga aikinsa aka raba wa ma'aikatu uku. Wannan karon babu sunan da za a buga masa.

Ya rasu ya bar makulli ɗaya, da tsofaffin ministoci takwas masu rai, da Mista Penhale.

Mista Penhale ya je wurin Misis Oddie, mai kula da ɗakin ajiya, ya roƙi a ba shi gawar.

"Haba Aldous, kai ma ka san doka," in ji ta. "Kayan Sarki ne. Sai wanda ya taɓa hawa kujerar ministan ke iya karɓa. Kai dako kawai ka yi."

"In babu wanda ya nema fa?"

"A cire kuba a ƙona. Samo min sa hannun ɗaya daga cikin iyayen gidan naka kafin sha biyun ranar Juma'a, in kau da kai ka tafi da abinka. Sai ka lulluɓa masa bargo ka dafa masa shayi."

Ya rubuta wa duk takwas ɗin da hannunsa. Sakataren ɗaya ya amsa cewa maigida yana godiya da fatan alheri. Wani ya aiko da hotonsa yana murmushi, da sa hannu a kan hoton. Shida shiru. Mista Penhale bai ji haushinsu ba, ya san mutane ne masu hidima, amma abin ya yi masa ciwo.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a da ƙarfe sha biyu na rana, a ƙofar baya inda motar shara take tsayawa. Ba a buƙatar furanni. Ana dai sanar da iyalan mamacin su takwas cewa sa hannu ɗaya ya isa a fasa jana'izar. Mista Penhale zai tsaya a bakin ƙofar tun takwas na safe, ko ana ruwa, da takardar da biro. Ba sai mai girma minista ya fito daga mota ba, ya sauke gilashi kawai. Ba sai ya tuna sunan masinjan ba ma, an riga an rubuta masa a takardar.