Konton Autana na Jamus

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren 'yar ƙanwata a Baure ba, ko da yake na sha roƙon Allah Ya mantar da ni.

Autana Sagir yana karatu a Jamus. Kafin ya tafi ya gaya mini an buɗe masa Konto, wato asusun banki da yaren can, kuma sai da aka zuba kuɗin zaman shekara guda a ciki kafin a ba shi biza. Sauran bayanin ban tsaya ji ba. Na riƙe kalmar gam (mu 'yan ajin yaƙi da jahilci, in muka samu sabuwar kalma ba ma barin ta ta huce).

Ranar walimar, malama na gama wa'azi sai na ji dangin ango suna ƙus-ƙus, wai babu firij a ɗakin amarya. Ƙanwata ta sunkuyar da kai. Ni da ko kaza ba na ɗaga wa murya, sai ga bakina ya buɗe da kansa: "Firij? Ai wannan Konton Sagir zai ji da shi." Aka rangaɗa guɗa. Ƙanwata ta rungume ni har da hawaye.

Sai yayar ango, Hajiya Lami, ta ce, "To Maman Sagir, a kira shi mana mu sa masa albarka." Ta karɓi wayata, ta kira, ta buɗe muryar wayar kowa na ji, ta yi masa godiyar firij.

"Umma, wane firij kuma?" in ji Sagir. "Ai Konton nan a kulle yake, Sperrkonto suke ce masa. Duk wata na haya da abinci kawai suke tsakuro mini, ko kuka zan yi ba ƙari. Kin manta shanun Baba aka sayar aka zuba? Yau ma taliya ba mai na ci. Don Allah ki aiko mini da yaji."

Na nemi inda zan shige, sai cikin hijabina.

"Allah sarki," in ji Hajiya Lami. "A haɗa wa yaron da daddawa."

Firij dai an saya, amma tumakina biyu ne suka tafi kasuwa. Yanzu in na ji wata tana cika baki da ɗanta na Turai, sai in matsa kusa, in tambaye ta a hankali: "Hajiya, nasa Konton a buɗe yake ko a kulle?"