Gungumen da Kaka Gavrila Ya Fitar daga Rafi

Ranar Talata, 14 ga Yuni, da ƙarfe tara na safe, Ilinka ta sauka daga mota a ƙauyensu. Da tsakar rana jami'i zai zo duba bakin rafin kakanta, Gavrila. Sharaɗin hukuma biyu ne: kada a yanke ciyawar gaɓa, kada a taɓa gungumen da aka jefa cikin ruwa don kifi ya sami mafaka. In an kiyaye, a biya shi duk shekara. In an karya, a soke yarjejeniyar, kuma dole ya sayar da makiyayarsa. Ita ce ta cika masa takardun.

Ta same shi a gaɓa yana wasa dogon laujensa. Gungumen kuwa ga shi a tudu, ɗaure a bayan doki, ruwa na ɗiga.

"Sannu da zuwa, 'yar birni," in ji shi. "Kin zo cinye mini cuku?"

"Cukun da kare ke sunsunawa ya wuce? Kaka, mene ne wancan?"

"Shara. Baƙo zai zo. Ban taɓa ganin an tari baƙo da ƙazamin rafi ba."

"Ai sharar zai zo gani."

"To ki kai shi ɗakinki."

Ba ta yi dariya ba. Ta duba agogo.

"Mayar da shi, tsoho. Kifi na son inuwa."

"Inuwa? Shekara saba'in ina cikin rana, ba wanda ya biya ni. Ko kifin mijinki ne?"

"Da ya nema da na yarda. Ya fi ka haƙora."

"Ran Lahadi a ƙofar coci, maƙwabcina Dumitru ya ce gaɓata ta fi gemun limamin cocin cunkushewa. A gaban mutane. Ni, wanda ubana ya koya wa yankan ciyawa har bakin ruwa."

Ya ɗaga laujen. Ilinka ta shiga gabansa, ta tsaya cikin ciyawar.

"Matsa, kada in rage miki tsawo. Da ma ba ki da shi."

"Yanke. In aka sa makiyayar a kasuwa, ka san mai saye. Dumitru zai riƙa aske ta sumul, kai kana leƙe ta shinge."

Laujen ya tsaya a sama. Gavrila ya daɗe yana kallon makiyayar. Can ya yi dariya ta hanci, ya miƙa mata shi.

"Riƙe, mayya. Ki tafi da shi birni, in yana nan hannuna ba zai haƙura ba. Kamo linzamin dokin."

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi gungumen ya koma ruwa. Jami'in ya zo, ya zaga, ya sa hannu. Makiyayar tana hannun Gavrila har yau. Laujen yana rataye a ɗakin Ilinka. Kullum da yamma tsohon yakan tsuguna a gaɓa ya leƙa ƙarƙashin gungumen, yana zagin 'yan kifin da suka taru a can, wai surukansa ne.