Gabar da Na Yi a Kan Duniyar Kwali

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya cinye mini sauran tunani, da Asabar ɗin da Kawu Manu ya baro girbin shinkafarsa a Argungu, ya shigo mota har Birnin Kebbi don ya sasanta ni da Garba. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Ni tela ne, a zauren gidana nake ɗinki. Ba ni son yawo ko kaɗan: daga keken ɗinki sai masallaci, daga masallaci sai tabarma. Boko ban yi nisa ba, amma Allah ya ba ni kunne, abin da aka faɗa gabana sau ɗaya ya zauna. Garba kuwa, mai fataucin albasa, abokina ne tun muna wanka tsirara a gulbi. Gida ɗaya muka tashi, a hannun Kawu Manu ƙanen mahaifiyata, wanda ya riƙe shi bayan rasuwar babansa.

Wanda ya kawo mana fitinar shi ne Yohanna, maƙwabcina, mutumin Filato da ke aikin gwajin jini a asibiti. Wata safiya ya shigo rungume da wani kwali kamar akwatin lefe, yana haki.

"Oga Tela, zaurenka ya fi falona faɗi. Aron ƙasa na zo nema."

Na ɗauka ludo ne na masu hali. Da ya buɗe sai na ga abin ya wuce nan. Akwai faya-fayan kwali masu kusurwa shida, kowanne da hoton wata duniya ta sararin samaniya, ana jera su har su cika tabarma. Akwai jiragen yaƙi na roba ƙanana kamar ƙwayar dabino, da katuna tuli, da littafin dokoki mai kaurin da ya isa a tokare ƙofa da shi. Kowane ɗan wasa yana da ƙabilarsa ta halittun sama. Ni aka ba ni wasu mutane masu jikin ɗan Adam da kan tarwaɗa, har da gashin bakin. (Garba ya ce ai ba a yi kuskure ba, an mai da ni cikin dangina.)

Yohanna ya yi ta bayani har shayinmu ya huce. Ka kama duniyoyi, ka gina jirage, ka yi ciniki, ka ƙulla ƙawance, ka kaɗa ƙuri'a a majalisar sama. Na huɗunmu, Malam Nasiru mai koyarwa a firamare, shi ke karanta mini Turancin katuna, ni kuma in haddace. Wasa ɗaya kan ci yini sukutum. Mu fara da hantsi, mu tashi azahar, Yohanna ya zauna gadin tabarma kada kaji su shigo su ci sarauta, mu dawo, Rabi matata ta aiko da tuwon shinkafa, mu ci gaba har rana ta yi ja. Asabar muke yi, don Lahadi Yohanna na coci. Ni da ba ni son fita, ga shi an kawo mini sararin samaniya har zaure. Me ya fi wannan?

To, a cikin duniyoyin akwai wata shuɗiya mai yalwa, kusa da gidan ƙabilata. Sunanta na Turanci ya ƙi zama a bakina, sai na raɗa mata Shuɗiya. Ita ke ciyar da jiragena. A ranar da abin ya faru, Garba ne maƙwabcina a tabarma, kuma tun da hantsi ya miƙo mini hannu.

"Tela, ni da kai amana. Ka tahi ka ji da Malam Nasiru, bayanka na hannuna."

Na kama hannun. Na kwashe jiragena kaf na tura can gefen Malam Nasiru, na bar Shuɗiya ba ko mai gadi. Muka tashi la'asar, muka yi salla kafaɗa da kafaɗa ni da Garba, muka shafa addu'a tare. Muna dawowa, ko zama bai gama yi ba, ya tattaro jiragensa da tafin hannu kamar mai tara albasa, ya zube su a kan Shuɗiya.

Yohanna ya yi tsalle yana tafi. "Yauwa! Yanzu kun iya wasan! Haka ake yi!"

Na yi murmushi. Har "ba komai" na ce. Aka tashi, na taya su mai da kaya cikin kwali. Amma a cikin raina wani abu ya ɗora tukunya.

Washegari Garba ya yi sallama, na amsa da hanci. A masallaci na canza sahu. Asabar ta zagayo na ce ciwon baya nake yi. Ya kira waya, na bar ta tana kuka a kan keke. Rabi ta tambaye ni har ta gaji.

"Baban Ummi, wai me Garba ya yi maka?"

"Amanata ya ci."

"Amanar me?"

"Ke dai bari. Maganar maza ce."

(Ka ga, ko a lokacin wani sashe na hankalina ya san ba maganar da za a faɗa da baki ba ce. Sai dai sashen ƙarami ne, ba a jin muryarsa.)

Ana cikin haka matar Garba ta haihu. Ya aiko mini da shadda mai kyau in ɗinka masa rigar suna, kamar yadda nake yi masa tun aurensa. Nan ne na yi aika-aikar. Ban ko warware ta ba, na ba mai kabu-kabu ya mai da masa a ledarta, na ce a ce masa aiki ya yi mini yawa. Duk wanda ya san mu ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Rabi ta ga zumuncin shekaru zai mutu a gabanta, kuma ba ta san dalili ba, sai ta ɗauki waya ta kira Argungu.

Ina cikin kafa aljihu na ji sallamar da ta sa allura ta soke ni. Kawu Manu ne, da rawaninsa, da sandarsa, da ƙunshin bandar kifi, ƙafafunsa har da sauran taɓon fadama. Bai sha ruwa ba sai da ya sa aka kira Garba, aka kira Liman na unguwa, aka kira dattawa biyu na layinmu su zama shaida. Zaure ya cika. Ni da Garba muka durƙusa gabansa kamar lokacin da muke satar masa mangwaro.

"Na bar shinkahwa kwance cikin gona, tsuntsaye na biki," in ji Kawu. "Ɗiyan da na riƙa da hannuna anka ce suna gaba. Kai Tela, kai ka mai da shadda. Hwaɗa mini, mi ya haɗa ku?"

"Kawu, amana ce."

"Awo, na jiya. Amanar mi? Gona?"

"A'a."

"Gida? Ko maganar iyali ta?"

"Subhanallahi, a'a, Kawu."

Liman ya gyara zama, ya yi ƙasa da murya. "Malam Tela, nan duk manya ne. Abin da aka faɗa a zauren nan, nan zai tsaya."

Na dubi ƙasa ko za ta tsage, ta ƙi. Na saci kallon Garba, na ga ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Dattawa suka ɗauka kuka yake, har ɗaya ya dafa shi yana "yi haƙuri, yi haƙuri." Ni na san ba kuka ba ne.

"Kawu," in ji Garba da ƙyar, "abin ba ya hwaɗuwa sai an gani. A kira Yohanna ya taho da shi."

Yohanna ya shigo da kwalinsa, ya cire takalmi, ya gaida kowa da ladabi. Bawan Allah, shi a duniya ba abin da yake so kamar ya sami sabon mai saurare. Ya jera duniyoyi a gaban Kawu da Liman, ya dasa jirage kowanne inda yake a ranar, ya fara: "Baba, da farko kowa zai zaɓi katin dabara..."

"Yaro, taƙaita," in ji Kawu.

Da na yi shiru a nan, da na tsira da sauran mutunci. Na riga na shirya in ce shaiɗan ne, a yi mini afuwa. Amma sai Garba ya nuna tabarma ya ce, "Ka gani, Kawu, shi ya bar ta ba gadi. Kowa ya samu ɗauka zai yi."

Wallahi ban san lokacin da na miƙe kan gwiwoyina ba.

"Ba gadi? Wa ya ce in tahi? Wa ya ba ni hannu? Kawu, duba nan! Ga jiragena, manya biyu da ƙanana, duk na tura su yaƙin Malam Nasiru saboda maganar wannan mutumin! Tun hantsi nake ciyar da shi, na ba shi ƙarfe, na ba shi mai, na kaɗa mishi ƙuri'a a majalisa ya zama shugaban sama! Allah gafarta Malam, sahu ɗaya muka yi la'asar da shi, ashe yana sujada yana lissafin Shuɗiya!"

Hulata ta faɗi, ban kula ba. Na ɗauki jirgin roba ina nuna yadda ya ratso, har da ƙarar bakin da muke yi in an kai hari. Garba ya ce ko ni ne na samu hanya haka zan yi. Na bugi ƙirji, na ɗaga murya yadda har masu wucewa a titi suka tsaya:

"Ƙarya ne! Mu masu kan tarwaɗa ba mu cin amana!"

Zaure ya yi tsit.

Ka san irin shirun da mutum ke jin maganarsa tana dawo masa daga bango? Na ga kaina sarai: magidanci mai 'ya'ya, furfura ta fara leƙowa, kai ba hula, jirgin roba a hannu, gaban kawunsa da limaminsa. Daga bayan labulen cikin gida sai na ji wani sauti kamar an shaƙe akuya. Rabi ce. Liman ya ja gefen rawaninsa ya rufe baki, ya ce tari ne ya sarƙe shi.

Kawu bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi ciwo. Ya miƙa hannu.

"Miƙo min ita."

Yohanna ya ciro Shuɗiya ya ba shi. Kawu ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya kai ta kusa da ido.

"Wagga ita ta duniyar?"

"Ita ce, Kawu."

"Ana noma cikinta?"

"A'a."

"Akwai kihi?"

"Babu, Kawu."

Ya jinjina kai. Ya buɗe aljihun gaban rigarsa ya jefa ta ciki, ya daɓa aljihun.

"To, na ci ta da yaƙi. Kai Tela, ka ɗunka rigar ga kahin suna. In an yi suna ku taho Argungu ku biyu, mota guda, ku taya ni ɗaurin shinkahwar da kunka sa na bari. Sannan mu ga ko ina mai da ku mulki."

Yohanna ya buɗe baki zai ce ba a iya wasan in babu ita. Kawu ya dube shi sau ɗaya, ya rufe.

Na ɗinka rigar, har da aikin wuya da ban taɓa yi wa kowa irinsa ba. Na je suna, na zauna can baya, mutane na ta gaishe ni da fara'ar da ta yi yawa. Amma ni da Garba har lokacin gaisuwa ce kawai, kunya ta hana ni haɗa ido da shi.

Sai ranar tafiya. A tasha direba ya cusa mu biyu a kujerar gaba, rabin cinyata a kan tasa, gwiwarsa a cikin haƙarƙarina. Na kafe wuya ina kallon taga. Mun kusa Ambursa mota ta faɗa rami, kaina ya gwaru da nasa, ƙum. Ya shafa goshi, ya ce a hankali, "Ashe dai kan naka na mutane ne." Na yi iya ƙoƙarina in riƙe fuska. Ban kai ko'ina ba. Muka yi ta dariya har hawaye, direba na tambaya ko lafiya, wata tsohuwa a baya tana cewa a sauke ta in mahaukata aka ɗauko.

Mun yini muna ɗaurin shinkafa, bayana ya yi ciwon gaske a wannan karon. Da yamma Kawu ya ba mu Shuɗiya. Akwai zoben kofin shayi a tsakiyarta, don a kanta yake ɗora kofinsa, kuma duk majalisarsa ta bakin gulbi an zagaya da ita hannu-hannu, an ji tarihinta.

Abin da na koya, in ka ce in faɗa maka: yanzu in wani ya ɓata mini rai, kafin in fara kumbura, sai in shiga ɗaki in rufe ƙofa, in faɗi dalilin fushin da ƙarfi, daga farko har ƙarshe, kamar dattawa na zaune. Mafi yawan lokuta ban kai rabi nake buɗe ƙofa in koma kan kekena.