Kwamfutar Malam Tumba a Filin Jirgi

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na fara shiga jirgin sama, domin kafin in hau sama sai da na kwanta rubda ciki a ƙasa, sanye da babbar riga, a gaban surukina.

A shekarun da rikici ya yi tsanani ne, lokacin da Yola da Jimeta suka cika da mutanen da suka gudo daga garuruwan arewacin jiha. Ni malamin sakandare ne, labarin ƙasa nake koyarwa, gidana yana Alkalawa. Ranakun Asabar mukan je Malkohi ni da wasu abokan aiki, mu ɗan koyar da yaran da ke sansanin 'yan gudun hijira. A can na san Malam Tumba. Dattijo ne siriri, ba ya son yawan magana, mai ɗaukar hoto ne a garinsu kafin a tarwatsa su. Shekara da shekaru duk wani aure ko suna ko yaye ɗalibai, na 'yan coci da na 'yan masallaci, shi ake kira. Ranar da mahara suka shigo garin bai ɗauki tufafi ba, bai ɗauki kyamara ba. Kwamfutarsa ya ɗora a ka, irin ta tebur, wato baƙin akwatin ƙarfen nan da ake ajiyewa a ƙasa, ya bi ta cikin duwatsu da ita. Ruwan sama ya dake ta, ta faɗi a hanya ba sau ɗaya ba, kuma tun daga nan ba ta sake kunnuwa ba.

A gefen shimfiɗarsa yake ajiye ta, lulluɓe da buhu. Mutanen garinsu sukan zo su zauna kusa da ita kamar masu dubiya. Wata takan tambaye shi ko hoton mijinta yana ciki, wani ya tambayi na 'yarsa. Da yawansu sun fito ba ko hoto ɗaya na waɗanda suka rasa. Shi kuma sai ya ce suna ciki, in dai Allah ya sa ta tashi.

Masu gyara a Jimeta sun gwada, suka ce sai dai Abuja. Ana cikin haka sai aka zaɓe ni zuwa wani taron ƙara wa juna sani na malamai a Abujan, kuma saboda halin da hanya take ciki aka ce ta jirgi za mu je. Da bakina na ce wa Malam Tumba zan kai masa ita. Tausayi ne ya sa ni, wannan gaskiya ne, amma akwai kuma ɗan son a san cewa jirgi zan hau, shi ya sa na yi tayin da ƙarfi a gaban mutane. (Yau na san abin da ke riƙe da hotunan bai fi tafin hannu ba, ana iya cire shi a sa a aljihu. A lokacin ni da shi duk mun ɗauka cewa raba ta da wani sashe nata kamar cire wa mutum zuciya ne.)

Da zai miƙo mini ita ya riƙe hannuna, ya ce, "Malam, kada ka bari a jefa ta cikin kaya. Ta sha wahala. Ka riƙe ta a jikinka."

A gida matata ta ba ni shawara in ɗauke ta haka a buɗe, kowa ya ga ko mene ne. Na ce mutumin da ya sa babbar riga ba ya rungumar ƙarfe tsirara. Na samo wata baƙar jaka na cusa ta, zif ya ƙi rufuwa gaba ɗaya, kan wayar wuta yana leƙowa ta gefe. Ta dubi jakar, ta dube ni, ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Na isa filin jirgi da wuri, hula a karkace, turare yana tashi. A layin shiga wata Hajiya ce a bayana, sai na ɗauki nauyin wayar mata da kai. Na bayyana mata yadda ake bincike, da inda ake zama, da abin da ake yi in kunne ya toshe, duk daga labarin da na ji a ɗakin malamai. Tana ta gyaɗa kai cikin ladabi. (Daga baya na ji cewa fatauci take yi zuwa ƙasashen waje, jirgi a wurinta kamar Keke Napep ne.)

Ina cikin wannan lacca sai na hango Bappa Hammadu zaune a kujera da sandarsa. Ƙanin mahaifin matata ne, dattijon unguwar Wuro Hausa, shi ya ba ni aurenta. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga murya inda yake ba. Asibiti za shi a Abuja saboda ciwon gwiwa. Na je na durƙusa da jakata na gaishe shi. Ya tambayi ina zuwa, na ce Abuja, gwamnati ce ta kira mu. Ya ce madalla.

A lokacin, kafin ma a kai ga na'urar duba kaya, akwai tebur a bakin ƙofa inda jami'an tsaro suke buɗe jakunkuna. Da layi ya zo kaina, wani jami'i ya fizgi jakar zai dangwarar da ita a kan tebur. Fuskar Malam Tumba ta faɗo mini a rai, na riƙe hannun jami'in.

"A hankali, ranka ya daɗe," na ce. "In ta bugu, komai zai tashi."

Ni hotuna nake nufi. Haka muke faɗa a makaranta in aiki ya goge a kwamfuta, mu ce ya tashi. Jami'in ya janye hannunsa sannu a hankali, ya dubi wayar da ke leƙowa, ya tambaye ni me ke ciki.

A nan ne ya kamata in ce kwamfuta. Kalma ɗaya ce, kuma na san ta. Amma Hajiya tana bayana, Bappa yana ji, ni kuma malami ne da ya saba fara darasi da abin da zai kama hankalin aji. Sai na gyara murya na ce, "Mutanen gari guda ne a cikin jakar nan, rayayyu da matattu."

Ya tambaya ko tawa ce. Na ce a'a, wani bawan Allah ne ya ba ni in kai Abuja. Ya ce daga ina. Na ce daga sansani.

Wurin ya yi tsit na ɗan lokaci, har na ji daɗi, na ɗauka maganar ce ta ratsa su. Sai wata mata ta yi salati, daga nan kowa ya kama gabansa. Kujeru suka kife, akwatuna suka zube, wani mai kwat ya tsallake igiyar layi kamar ɗan wasan tsere. Ni ma na juya zan gudu, domin na ɗauka wani abu ne ya faru a bayana. Bakin bindiga na gani yana dubana, aka ce in kwanta.

Na kwanta. Hulata ta gangara ƙarƙashin tebur, babbar riga ta baje kamar tabarma, kumatuna a kan sanyin tayil. Daga can ƙasa ƙafafu kawai nake gani, da takalman da masu su suka bari. Ƙafafu biyu ne kaɗai ba su motsa ba, cikin farin silifas, da gindin sanda a gefensu. Ko ban ɗaga kai ba na san na waye. A wannan lokacin, Allah ya sani, kunyar waɗannan ƙafafun ta fi mini tsoron bindigar.

Sai a sannan kalmar ta fito. Na yi ta maimaita cewa kwamfuta ce, bakina a ƙasa. Shugabansu ya zo, ya tsaya daga nesa ya ce in kwamfuta ce in kunna ta su gani. Na ce ba ta kunnuwa. Na ji wani a cikinsu ya ja numfashi.

Muryar Bappa ce ta biyo baya, a natse kamar yana zaune a zaurensa. "Surukina ne, malamin makaranta. Ba shi da mugunta, baki ne kawai ya yi masa yawa."

Ban taɓa jin shaidar da ta cece ni kuma ta kashe ni a lokaci guda kamar wannan ba. Aka turo mini sukudireba ta ƙasa, aka ce in buɗe da hannuna, su kuma suka ja baya. Na zauna dirshan ina kwance ƙusoshi, gumi yana ɗiga a kan aikin wuyan rigata. Da murfin ya buɗe ba abin da ya fito sai jar ƙasa, da busasshiyar ciyawa, da wani tsohon gidan zanzaro manne a jikin fanka. Suka duba, suka sa ta a na'ura, suka sake dubawa. Sannan na ba shugaban labarin Malam Tumba, wannan karon a miƙe ba ado. Da na gama, ya ce da na faɗi haka tun farko da ban wahalar da kowa ba, kuma in tuna cewa akwai abokan aikinsu da suka taɓa jaka irin wannan, ba su koma gida ba. Shi da kansa ya ɗauko mini hulata.

Ni ne na ƙarshe da ya shiga jirgin, wanda aka jinkirta saboda ni, rungume da kwamfutar tsirara kamar yadda matata ta ce tun farko. Idanu suka raka ni har kujerata. Ta ƙi shiga ma'ajiyar sama, sai ma'aikaciyar jirgi ta kwantar da ita a ƙarƙashin kujerar gabana, na matse ta da ƙafafu. Da na juya in ga wanda ke kusa da ni, Hajiya ce. Ta ɗaura bel ɗinta, ta ga ina ta juya nawa na rasa gabansa da bayansa, ta ce, "Malam, yanzu kuma me ake yi? Tunda kai ka saba."

Da jirgin ya tashi na hango kogin Binuwai yana walƙiya a ƙasa, abin da na shekara ina zana wa yara a allo. Ban ji daɗinsa ba. Da farko haushi nake ji, wai an wulaƙanta ni a kan abin alheri. Sai na lura da wata mata a ɗaya gefen, rungume da jariri, takalminta ƙafa ɗaya ne. Wa ya san daga ina ta fito, wa ya san sau nawa ta yi irin gudun nan da gaske? Mutanen nan ba wauta ce ta sa su gudu ba. Sun ji kalmomina daidai yadda zamanin ya koya musu su ji, ni ne na manta a wane zamani nake magana.

Mai gyara a Abuja ya ceto mafi yawan hotunan, wasu kaɗan sun lalace. Ranar Asabar da na koma Malkohi muka aro wata kwamfutar, aka jona ta a janareta a ƙarƙashin bishiya da la'asar, mutane suka kewaye ta. Ana wuce hotuna ɗaya bayan ɗaya, ana kiran sunaye. Wata tsohuwa ta ce a tsaya, ta matso ta ɗora tafin hannunta a kan fuskar wani mutum mai murmushi cikin kayan mawaƙan coci. Ba ta yi kuka ba, kuma ba wanda ya ce ta ɗaga hannun.

Bayan an watse na ba Malam Tumba labarin filin jirgi, ina sa ran zai jajanta mini. Dariya ya yi har da share hawaye, karon farko da na ga haƙoransa.

"Ni a kowane shingen sojoji sai na kwanta saboda ita," ya ce. "Har na daina kakkaɓe rigata. Amma ni tun daga nesa nake cewa kwamfuta ce."

Ni kwanciya ɗaya na yi a kan tayil mai tsabta, ina ta ɗaukar kaina wanda aka zalunta.

Bappa Hammadu bai taɓa tayar mini da maganar ba har ya rasu, Allah ya jiƙansa. Amma labarin ya riga ni isa Wuro Hausa, kuma har yau in na shiga taron dangin matata da jaka a hannu, sai wata gwaggo ta ce a matsa wa Malam, a bi kayansa a hankali. Malam Tumba ya koma garinsu da aka samu sauƙi, na ji ya sake buɗe shago.

Abin da na koya bai da yawa. In mai bindiga ya tambaye ka me ke cikin jakarka, ba lokacin nuna hikima ba ne. Ka faɗi sunan abin da ke ciki, ka rufe bakinka. Falsafa kuma ka adana ta sai ka koma aji, inda masu sauraro ba su da damar gudu.